Za ka haɗa kwamfutar gem ta farko? Fara da katin hoto

Sabon shiga yakan zuba kuɗinsa a kan furosesa, wai ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. A harkar gem kuwa, katin hoto, wato GPU, shi ke ɗaukar babban kaya, don shi ke zana duk abin da kake gani. A allo mai 1080p, hoto ɗaya ya ƙunshi ɗigo fiye da miliyan 2, kuma ana so a zana shi sau 60 cikin daƙiƙa guda. In ka koma 4K, ɗigon ya ninka huɗu. Saboda haka fara tsayar da allon da za ka yi wasa a kai, ka nemi katin da zai iya da shi, sauran kaya su biyo baya.

Sai ka lura da dacewa. Furosesar Ryzen 7000 sai a madabod mai soket AM5, shi kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. RAM ɗin DDR4 ko shiga ramin ba zai yi ba. 16GB ya wadatar wa yawancin gem.

Na'urar raba wuta fa, kar ka yi mata rowa. Mai araha marar suna tana iya ƙonewa ta tafi da katin da ka sha wuya ka saya, balle a inda lantarki ke hawa da sauka.