Ka Bar Wiwi, Barci Ya Ƙi Zuwa: Yadda Za Ka Tsallake Makonnin Farko

Shirin yau na wanda ya yanke shawarar ajiye wiwi ne, da wanda yake da ƙani ko aboki a wannan hali.

Abin da na fi ji daga bakin samari shi ne: "Na daina, amma kwana uku na koma, don ji na yi kamar zan haukace." To ɗan'uwa, ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Likitoci sun san wannan yanayi, kuma tun 2013 littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka ya saka shi cikin jerin matsalolin da aka tabbatar. Kusan rabin masu sha kullum suna fuskantarsa idan sun daina. Kuma rahoton UNODC na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne suke shan wiwi a Najeriya, ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Ga abin da yake faruwa. A cikin wiwi akwai sinadarin THC. Ita ƙwaƙwalwa dama tana da nata sinadarai masu kama da shi, masu daidaita barci, cin abinci da nutsuwa. Idan kullum kana ɗura mata na waje, sai ta rage nata aikin. Ranar da ka yanke, sai a samu giɓi. Wannan giɓin ne kake ji: saurin fushi, fargaba, rashin barci, rashin sha'awar abinci, gumi, ciwon kai, da zuciya ta yi nauyi.

Yawanci abin yana farawa cikin kwana 1 zuwa 3, ya fi zafi a makon farko, ya lafa cikin mako 2. Barci da mugayen mafarkai ne suke jan ƙafa, wani har wata ɗaya ko fiye. Dalili kuwa, wiwi tana danne matakin barcin da ake mafarki a ciki, da ka bari sai ya dawo da ƙarfi. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wuraren da THC ya dakusar suna komawa daidai cikin kimanin mako 4. Wato wahalar tana da ƙarshe.

To me za ka yi?

Na ɗaya, ƙwaɗayin sha yana zuwa ne ya wuce, ba ya zama. Idan ya taso, ka ba shi minti 20. Tashi ka yi wanka, ka yi alwala, ka zaga unguwa, ka kira wani.

Na biyu, barci. Ka tsayar da lokacin tashi, ko da daren jiya bai yi daɗi ba. Bayan la'asar ka rabu da kofi, shayi mai kauri da goro. Ka gajiyar da jiki da rana: ƙwallo, gudu, aikin ƙarfi.

Na uku, abinci. Kar ka jira yunwa. Kunu, fura, ayaba, ɗan kaɗan-kaɗan, da ruwa sosai.

Na huɗu, majalisa. Gaskiya ba za ka zauna inda ake naɗawa ka ce kallo kawai za ka yi ba. Ka zubar da takarda da ragowar da ka ɓoye, ka sauya hanya na ɗan lokaci.

Na biyar, kuma wallahi wannan ya fi muhimmanci: kar ka maye gurbinta da tramol, kodin, roci ko diyazefam don ka samu barci. Barin wiwi ba ya kisa, amma yanke irin su roci da diyazefam farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiya. Idan dama kana haɗawa da su ko da giya, ka ga likita kafin ka daina.

Idan ka fara jin muryoyi, ko zargin ana binka, ko tunanin kashe kanka, wannan ba na haƙuri a ɗaki ba ne. A tafi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta: 0800 1020 3040.

Ku kuma iyaye da yayye, fushin makon farko ba rashin kunya ba ne. Ku rage gori, ku ajiye masa abinci. Wanda ya zame ya sake sha, ya tashi ya ci gaba gobe, kwanakin da ya yi ba su tafi a banza ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana buƙata, ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Allah Ya ba mu lafiya. Sai shiri na gaba.