Ko Kun Sani? Kannywood Ta Girmi Nollywood

Mutane da dama suna zaton 'yan fim ɗin Hausa kwaikwayon Nollywood ta Legas suka yi wajen raɗa wa harkarsu suna. Ba haka ba ne. Marubuci Sunusi Shehu Daneji ne ya fara amfani da sunan Kannywood a mujallarsa ta Tauraruwa a Kano cikin 1999. Sunan Nollywood kuwa sai a 2002 ya bayyana a jaridar New York Times ta Amurka.

Wajen haɗa sunan Kannywood, an ɗauko Kano ne aka liƙa mata wutsiyar Hollywood, unguwar nan ta birnin Los Angeles da kamfanonin fim suka mamaye. Indiyawa sun daɗe da yin irin wannan: Bollywood daga Bombay, tsohon sunan Mumbai, ta samo nata. Ba mamaki 'yan Kano su bi wannan sawu, domin sun taso suna kallon finafinan Indiya a silima, kuma daga can rawa da waƙa suka shigo cikin namu.

Sana'ar ta riga sunan zuwa. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar.

Yau sunan ya wuce Kano: ɗan fim ɗin Hausa na Jos ko Kaduna ma ɗan Kannywood ake ce masa.