Yadda Furanni Ke Rayuwa a Kan Falalen Dutse

Ranar da na hau duwatsun Idanre a Jihar Ondo, na yi mamakin ganin furanni a kan falalen dutse. Dutsen giranit ne, ba ya shan ruwa, ƙasar kansa kuwa 'yar kaɗan ce. To, yaya suke rayuwa?

Asirin yana wurin wata ciyawa mai suna Afrotrilepis. Takan bushe ƙayau da rani, amma da ruwa ya sauka sai ta farfaɗo. Saiwoyinta na tara ƙura da ruɓaɓɓen ganye har su zama shimfiɗa mai riƙe danshi. A gefenta ƙananan furanni ke tsirowa, su zubar da iri kafin damina ta wuce.

Idan masu fasa dutse suka ɗaye wannan shimfiɗa, sai an shekara da shekaru kafin ta dawo.