Jirgi maras matuƙi a gonar lemu: feshin da bai shiga cikin ganye ba asara ne

Duk wanda ya taɓa ganin lebura goye da famfon feshi mai cin lita 16 a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yana ɗaga sanda sama magani na zubo masa a fuska, zai fahimci dalilin da ya sa masu gonakin itatuwan marmari suka fara waiwayar jirage marasa matuƙa.

Fasahar ta daɗe. Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, R-50, a 1987 domin feshin gonakin shinkafa. A 2015 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya ƙaddamar da Agras MG-1 mai ɗaukar lita 10, kuma samfurinsa T40 na ɗaukar lita 40.

Sai dai bishiya ta bambanta da shinkafa. Shinkafa shimfiɗe take, magani ya sauka ya same ta. Lemu da mangwaro kuwa suna da duhuwar ganye, kuma ƙwari da dama a bayan ganye da cikin rassa suke fakewa. Abin da ke kai magani can shi ne iskar da farfelar jirgin ke turowa ƙasa, wadda ke buɗa rassan. Idan matuƙi ya yi sauri ko ya yi sama da yawa, sai feshin ya tsaya a kan bishiya, ko iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci. Shi ya sa ake bin layin itatuwa a hankali, mita biyu zuwa uku sama da ganye, da sassafe ko da yamma, kuma ake kauce wa lokacin fure saboda ƙudan zuma.

Akwai hanyar gane gaskiya. Ana maƙala wata takarda mai ruwan ɗorawa a cikin rassa, wadda ke komawa shuɗiya duk inda ɗigo ya taɓa. Mai gona ya duba ta kafin ya biya kuɗin aiki.

Ma'aikacin da ke tanadin gonar lemu a Binuwai ko ta mangwaro a Nasarawa domin bayan ritaya ya sani cewa amfani da irin wannan jirgi na buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da tantancewar Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Maganin ma sai mai rajistar NAFDAC, tare da kiyaye kwanakin jira kafin a tsinki 'ya'ya. Ragowar maganin dichlorvos ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Ƙudan da ke huda mangwaro kuma, tsutsarsa cikin ɗan itacen take, inda feshi ba ya kaiwa. Tsince 'ya'yan da suka faɗo a binne su har yanzu aikin hannu ne.