Hattara da Harsashin Ɗure: Gargaɗi ga Maharban Bagudo da Bakin Iyaka

Da an kawar da amfanin gona, sai maharban ƙasar Bagudo su fara kakkaɓe bindigoginsu. Daga Illo da Lolo a gefen kogin Kwara, zuwa Ka'oje da Tsamiya da ke kallon Segbana ta Jamhuriyar Benin, farauta sana'ar gado ce, kuma yanzu an ƙara mata nauyin gadin gari. Harsashi kuwa ya yi tsada. Wannan ya sa wasu ke tsince kwanson da aka riga aka harba, su sake ɗura masa albarushi da dalma, su sayar da araha. Mai saye na ganin ya yi riba, bai san cewa shi ne farkon wanda wannan harsashi zai iya ji wa ciwo ba.

Harsashi kayan awo ne. Kowace bindiga tana da ɗakin da harsashi ke kwanciya, an yanka shi daidai da tsawon kwanso guda. Kwanson tagulla na bindiga mai cin dogon zango yakan miƙe kaɗan duk lokacin da aka harba shi aka sake gyara shi. Idan ya zarce iyakarsa, bakinsa zai cusu cikin maƙogwaron bindigar, ya shaƙe kan harsashin. Albarushi ya kama, hanyar fita ta matse, sai ƙarfin ya nemi inda ya fi rauni, wato wajen fuska da hannun mai harbi.

Bambancin kuma ba abin da ido zai gani ba ne. Kwanson harsashin nan mai lamba .308 ba a yarda ya wuce milimita 51.18 ba, kuma abin da masu gyara ke ragewa bai fi rubu'in milimita ba. Matsin da ke tashi a cikinsa yakan kai ninki 4,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Shi ya sa Turai ta kafa hukumar C.I.P. a 1914, Amurka ta kafa SAAMI a 1926, don tsayar da awon bindiga da harsashi. A can, masu ɗura harsashi da kansu suna aiki da ma'aunin tsawo da sikeli da littafin ƙa'ida. Wanda ke aiki da cokali da kintace a bayan rumfa ba shi da ko ɗaya.

A nan yankin, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu ta fi yawa, kuma ita ma tana da nata tarkon. Harsashinta mai lamba 12 yana zuwa da tsawon milimita 70 ko 76, tsofaffin bindigogi ma akwai na 65. Wannan tsawo na kwanson ne bayan ya buɗe baki, ba yadda yake a rufe ba. Don haka harsashin 76 zai iya shiga bindigar 70 lafiya lau, ta rufu, amma idan aka danna kunama ba shi da wurin buɗewa, matsi ya hau. Shigar harsashi ba shaidar dacewarsa ba ce. A duba jikin bututun da jikin kwalin, a ga ko lambobin sun yi daidai: 12/70 ko 12/76.

Mafi muni shi ne a fasa harsashin kamfani a juye albarushinsa cikin bindigar toka. Albarushin zamani ya fi baƙin albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, bututun maƙera kuma ba a gwada shi da irin wannan matsi ba. A nan ake rasa yatsu da idanu. Sai a ce tsautsayi ne, ko an yi wa mutum jifa, alhali awo ne ya ɓaci.

Ko da bindigar ba ta fashe ba, kwanson da tsawonsa ya bambanta ba ya riƙe harsashi da ƙarfi iri ɗaya. Wannan ya fita da sauri, wancan da sanyi, saiti ya tashi a banza. Dabba ta tsere da rauni, ko harbin ya kauce zuwa ga abokin farauta ko makiyayin da ke bayan kurmi.

Bindiga takan yi gargaɗi kafin ta yi ɓarna. Idan tana rufuwa da ƙyar, ko kwanso ya maƙale bayan harbi, ko ya fito a tsage ko a kumbure, ko dukanta a kafaɗa ya fi na kullum, a daina harbi nan take. Idan ƙarar ta fito da rauni, kada a sake ɗana wani sai an tabbatar babu abin da ya toshe bututun. Idan aka danna ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa har minti guda kafin a buɗe. Wanda ya ji rauni, a danne wurin da tsumma mai tsabta a garzaya asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa, kada a taɓa ƙarfen da ya shiga ido.

Akwai kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba da ikon wajabta lasisi hatta ga bindigar toka, ta kuma hana ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izini ba. Yarjejeniyar ƙananan makamai ta ECOWAS ta 2006 ta shafi Najeriya da Benin duka, don haka tsallaka iyaka da harsashi a aljihu laifi ne ta kowane ɓangare, ko da gonar mutum tana can.

Sarakunan baka da shugabannin 'yan banga su ne aka fi jin maganarsu a dawa. Su sa doka kafin fita: a duba lambar kowace bindiga da harsashinta, wanda ya zo da na ɗure ya koma gida. Araha ba ta ado, kuma kuɗin da aka rage a kan kwali guda ba zai biya kuɗin motar kai mai rauni Birnin Kebbi ba.