Sunayen da ke bayan rigunan masu gudu a Landan

Kowace shekara, galibi a watan Afrilu, dubban mutane kan cika titunan Landan domin gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya, gasar da aka fara a 1981. Kyamarori kan bi zakarun Kenya da Habasha da ke gaba, amma wanda ya yi haƙuri har ayarin baya ya iso zai ga abin da ya fi taɓa rai. A nan ne malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobi da 'yan kwana-kwana ke tafe da ƙyar, sun jiƙe sharkaf da gumi, kuma a bayan rigunan da yawa daga cikinsu an rubuta suna ko an manna hoto. Wani mahaifinsa ne, wata ƙanwarta, wasu kuma ma'aikatan ofis ɗaya ne da suka haɗa kai saboda abokin aikin da suka rabu da shi lafiya ranar Juma'a, Litinin aka wayi gari kujerarsa babu kowa. Da yawa daga cikin waɗannan mamatan ciwon zuciya ne ya ɗauke su.

Tsarin ba shi da wuya. Mai gudu zai buɗe shafi a intanet, sau da yawa a dandalin JustGiving, ya ba da labarin mamacinsa, ya roƙi dangi da abokai da maƙwabta su saka abin da ya sawwaƙa. Kuɗin kai tsaye suke wucewa asusun ƙungiyar agajin da ya zaɓa. Ta wannan hanya gudun Landan ya tara wa ƙungiyoyin agaji iri-iri sama da fam biliyan 1 tun kafuwarsa. Cikin manyan masu amfana akwai gidauniyar zuciya ta Birtaniya, British Heart Foundation, wadda likitoci suka kafa a 1961, kuma ita ce aka zaɓa babbar ƙungiyar agajin gasar a 2022. Gidauniyar ta ce a shekarun 1960 fiye da 7 cikin 10 na waɗanda bugun zuciya ya kama a ƙasar rasuwa suke yi, yanzu kuwa aƙalla 7 cikin 10 suna rayuwa. Ba masu gudu kaɗai za a gode wa ba, domin raguwar shan taba da ingantuwar asibitoci sun taka rawa, amma bincike da kuɗi ake yinsa, kuma wani kaso na kuɗin daga guminsu ya fito.

Ƙungiyar da aikinta ya fi tsaya mini a rai ƙarama ce, sunanta Cardiac Risk in the Young, an kafa ta a 1995. Ƙididdigarta ta nuna kowane mako matasa 12 'yan shekara 35 zuwa ƙasa ke mutuwa farat ɗaya a Birtaniya saboda lalurar zuciya da ba a san suna da ita ba. Iyayen da suka rasa ɗa sukan buɗe asusu da sunansa, su yi gudu ko tattaki su tara kuɗi, sannan su ɗauki nauyin kawo likitoci garinsu a auna zukatan matasa 'yan shekara 14 zuwa 35 da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. Uwar da ta binne ɗanta ita ce ke biyan kuɗin duba 'ya'yan maƙwabta. Masana ba su gama yarda da juna kan wannan awo ba: Italiya ta wajabta shi ga 'yan wasa tun 1982, yayin da kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara bai amince a yi wa kowane matashi ba, saboda na'urar kan tayar da hankalin mai lafiya, wani lokacin kuma ta tsallake marar lafiya. Duk da haka ban ga laifin iyayen ba ko kaɗan.

Game da ciwon zuciyar kansa, abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa: toshewar jijiya da tsayawar zuciya. Zuciya kamar injin ban ruwa take, tana da bututu tana kuma da wayoyin wuta. Idan kitse da gudan jini suka toshe jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya, mutum zai ji nauyi ko matsi a ƙirji, zufa ta keto, ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi, amma galibi yana cikin hayyacinsa, kuma abin da yake buƙata shi ne a garzaya da shi asibiti. Idan kuwa wutar da ke tsara bugun ce ta rikice, zuciyar za ta daina tura jini, mutum ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke. A wannan hali duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kuma sa na'urar farfaɗo da zuciya ba, damar tsira kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100.

Masu kallon ƙwallo sun ga irin wannan faɗuwa da idonsu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji na Najeriya ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Ranar 26 ga Yuni 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon yana da shekara 28, daga baya aka gano tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da kima. Fabrice Muamba kuwa, da ya faɗi a filin Tottenham a Maris 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, amma ya rayu domin an fara danna ƙirjinsa nan take ba a tsaya ba. Haka Christian Eriksen na Denmark a 2021, wanda har ya koma taka leda. Shi ya sa kuɗin masu gudu da yawa ke tafiya wajen sayen na'urorin farfaɗowa a makarantu da filayen wasa, da koya wa jama'a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti.

Kada a ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Hawan jini ne babban jagora, kuma kusan rabin masu ɗauke da shi ba su sani ba. Wa bai taɓa zama a wurin ta'aziyya ya ji ana cewa "lafiyarsa ƙalau, da shi muka yi sallar Isha'i" ba? Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma neman magani ma umarni ne.

Mu ba mu rasa hanyar tuna mamatanmu ba. Muna yi musu addu'a, muna sadaka, muna haƙa rijiya da sunansu. Abin da zan so mu ɗauka daga masu gudun Landan shi ne tambayar da suke yi wa kansu: me ya yi sanadin mutuwar wannan bawan Allah, kuma wa za mu iya kiyayewa daga irinsa? Ƙungiyar ma'aikata ko ta tsofaffin ɗalibai da ta rasa ɗan'uwa za ta iya shirya tattaki na kilomita biyar da sassafe, ta sayi na'urar awon jini ta ajiye a masallaci ko kasuwa, ta gayyato ma'aikacin jinya ya koya wa mutane danna ƙirji. Dangin wanda ya rasu farat ɗaya yana matashi su je a duba su, domin wasu lalurorin gado ne. Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake jin ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya fara gudu.

Ranar 29 ga Satumba ce Ranar Zuciya ta Duniya. Kafin ta zagayo, mai karatu, ka je a auna jininka, ka tafi da iyayenka idan suna raye.