Tsakanin Tiya da Sikeli: Yadda Ake Juya Awon Cunkushewa

Manomin Wonaka, a ƙaramar hukumar Gusau, da ya kai masara ko dawa kasuwa yana sayarwa ne da tiya, alhali dillalin da zai kwashi hatsin daga Tsafe ko Bungudu zuwa kamfanin abincin kaji da sikeli za a biya shi. Tiya tana auna wurin da hatsi ya cika, sikeli kuwa nauyinsa yake aunawa, kuma abin da ke haɗa awon biyu shi ne cunkushewa, wato yawan nauyin da ke cikin wani ƙayyadadden fili. Wannan ne dalilin da ya sa tiyar shanshera ba ta kai tiyar gyararriyar shinkafa nauyi, haka kuma hatsin da ƙwari suka cinye cikinsa yakan cika tiya har ya yi tozo, amma in an ɗora shi a sikeli sai ya gaza.

Lissafin a kan kansa ba shi da wuya, domin ana raba nauyin abu ne da girman wurin da ya cika. Wahalar tana zuwa ne daga kasancewar tsarin awo biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Na farko shi ne tsarin mita da kilo da lita, wanda ya samo asali daga Faransa, wanda kuma Najeriya ta runguma a shekarun 1970. Na biyu shi ne tsarin Ingila na laba da ƙafa da galan, wanda da shi aka riƙa auna auduga da gyaɗa a Gusau tun bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa garin zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Tsohon tsarin bai mutu ba, tunda har yau magina da ƙafa suke auna ɗaki, kuma takardun injuna da na hatsi da ke fitowa daga Amurka da laba suke zuwa.

A tsarin mita ana faɗin cunkushewa da kilo a kowace mita kubik, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, kuma ruwan da ya cika irin wannan akwati yana da nauyin kilo 1,000. A tsarin Ingila kuwa laba ake faɗa a kowace ƙafa kubik. Tun wata yarjejeniya ta 1959 aka tsayar da laba ɗaya a kan kilo 0.4536, ƙafa ɗaya kuma a kan mita 0.3048. A nan ne masu lissafi da yawa ke tuntuɓe, domin sukan ga mita ɗaya ta yi ƙafa 3.28 sai su raba da wannan adadi, su manta cewa akwati ɓangare uku gare shi, don haka dole a ninka 3.28 da kansa sau uku, abin da ke ba da ƙafa kubik 35.3 a cikin mita kubik ɗaya. Idan aka haɗa juyin nauyi da juyin girma, laba ɗaya a ƙafa kubik tana daidai da kilo 16.02 a mita kubik. Saboda haka ruwa yakan zama laba 62.4 a ƙafa kubik, busasshiyar masara mai kyau kuma, wadda ke kusan kilo 720 a mita kubik, takan zama laba 45. Mai gina rumbu ko sito da ya san wannan adadi zai iya faɗin buhu nawa wurin zai ɗauka tun kafin a sa tubalin farko.

Galan ya fi kowane ma'auni yaudara, domin iri biyu ne masu suna ɗaya. Galan na Ingila, wanda dokar 1824 ta ɗora a kan laba 10 na ruwa, lita 4.546 ne, na Amurka kuwa lita 3.785 ne, wanda ruwan cikinsa laba 8.34 kawai yake yi. Duk takardar maganin feshi ko ta injin ban ruwa da ta ambaci galan ba tare da faɗin na wace ƙasa ba, ta bar manomi da bambancin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan sakaci ne da bai kamata a lamunta ba. Haka abin yake a cinikin zinariya, wadda Zamfara ta yi suna da ita: ozar da kasuwar duniya ke auna ta da ita giram 31.1 ce, ozar sauran kaya kuwa giram 28.35.

Irin wannan kuskure na cakuɗa ma'aunai ya taɓa jefa rayuka cikin haɗari. A ranar 23 ga Yulin 1983, wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada yana buƙatar mai kilo 22,300, amma waɗanda suka yi lissafin suka ninka litocin da 1.77, wato nauyin lita ɗaya a laba, maimakon kusan 0.8, nauyinta a kilo. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da ake zato, injunansa biyu suka mutu a sararin sama, matuƙan suka lallaɓa da shi har suka sauka a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli ba tare da an rasa rai ba.

A kasuwar hatsi asarar ba ta fitowa fili haka, sai dai takan faɗa kan wanda ba shi da sikeli. Dillalin da ya san nauyin kowace tiya ya san ribarsa tun kafin ya taya, manomi kuwa tozon kwano kawai yake gani. Ƙungiyar manoma da ta mallaki sikeli ɗaya da jarkar lita 20 da aka yanke bakinta za ta iya auna cunkushewar hatsinta da kanta: a cika jarkar, a share bakin, a auna, a cire nauyin jarkar, sannan a ninka abin da ya rage da 50 don a sami kilo a mita kubik.